Albasar yaya da allin ƙane: wa kasuwa ke biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamin lakwal ne na kwantiragi a wani ƙauye cikin ƙasar Keita ta Nijar, bana shekarata tara ina riƙe da alli. Yara 74 gare ni a aji, ajin kuma na zana ne, duk bayan damina sai an sake kafa shi. Albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, wani lokaci ma sai ya makara, har kunyar mai kanti nake ji. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya daga aji uku ya bar karatu. Yau yana sayen albasa a Galmi yana lodi zuwa Kumasi. Ya gina gidan siminti a Tawa, ya kai Inna Makka. Wallahi Baba ba hassada nake yi ba, shi ke saya mini magani in iyali ba lafiya. Amma da Sallar layya muna zaune ya ce mini cikin raha: "Ƙanena, kasuwa ba ta ƙarya. Abin da ke da amfani ga mutane shi suke biya." Tun ranar maganar take cina. Gaskiya ne, Baba? In gaskiya ne, ashe aikina ba shi da amfani ke nan? Ko in ajiye alli in bi shi?

Ɗanka, daga ƙasar Keita

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau uku kafin in ɗauki alƙalami, don ba kai kaɗai nake ba amsa ba. Wata ungozoma daga Yamai ta aiko da kusan irin tambayar a watan jiya, ita da ƙawarta mai sayar da atamfa take auna kanta. To ku saurara tare.

Yayanka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maganar gida ba.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa, don ni ɗan mai awo ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hatsi ya saya ya sayar a kasuwar Badagishiri har ƙarfinsa ya ƙare, da ribar tiya aka saya mini littafin farko. Ba na yarda a zagi ɗan kasuwa a gabana don kawai ya samu. Ka dubi albasar nan. Mai lambu a Galmi ko Madawa ya sha wahalar ban ruwa wata da watanni, ya cire, ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. In babu irin yayanka, a nan za ta ruɓe yana kallo, don mu Adarawa ko safe da yamma muke cin albasa ba mu iya cinye abin da fadamun nan ke bayarwa. Yayanka ne ke sa kuɗinsa, ya biya masu cika buhu, 'yan dako, direba da yaran mota, ya bi hanya kwana da kwanaki yana tsayawa a shinge bayan shinge, zafi na dafa kayan a cikin mota. Ka tambaye shi abin da ya gani a 2023 da aka rufe iyakoki, motocin albasa suka yi cirko-cirko a bakin iyaka kaya na zubar da ruwa. Babu wanda ya mayar wa masu su ko dala. Ribarsa halal ce, kuma gidaje da yawa na cin tuwo a cikinta. A nan amfaninsa da amfanin jama'a sun hau jaki ɗaya.

Akwai ma alherin da kasuwa ke yi ba tare da kowa ya umarce ta ba. A zamanin mahaifina, in yana son sanin farashin hatsi a Ƙwanni sai ya jira direban da ya fito can, ya kuma yi addu'a direban ya faɗi gaskiya. Da wayar salula ta fara shiga kasuwanninmu daga 2001, wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi kasuwa-kasuwa har zuwa 2006, ta tarar tazarar farashi tsakanin kasuwannin da ke da waya ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: mai awo ya ji inda hatsi ya yi tsada, ya kai can, tsadar ta sauka. Neman riba ya kai abinci inda ake nemansa. Kuma ka san da farashi ya hau a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa kaya farashi, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sa farashi. Don haka ba ni cikin masu cewa a ɗaure kasuwa da igiya.

Yanzu ga inda yayanka ya tsaya ni zan wuce. Kasuwa tana biyan abin da za a iya zubawa a buhu a ɗaure baki, a ce wa mutum in ba ka biya ba ba ka ɗauka. Na koyi wannan a gona, ba a littafi ba.

Ina malamin gona a ƙasar Illela lokacin da wasu manoma ƙalilan suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, a shuka. Suka dawo suka gwada, abin da muke kira tassa. Ka san fako: ƙasa ce da ta daskare kamar daɓe, ruwa ya sauka ya wuce, ko ciyawa ba ta fitowa. Kafin tassa, in ka ce wa mutum ya ɗauki fako kyauta sai ya ce me zai yi da shi. Na tsaya da ƙafata a fakon da na sani tsirara na ga zangarniyar hatsi ta fi tsawona. Cikin 'yan shekaru sai ga mutane na sayen fako da kuɗi, farashinsa na hawa, samari na samun aikin haƙar tassa a biya su. Babu wanda ya yi musu wa'azin gyaran ƙasa. Hatsin da ya fito na mai gonar ne, rumbunsa zai shiga, shi ya sa ya yarda ya biya mai haƙa.

Haka labarin itatuwa. Muddin manomi na ganin icen da ke gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa shi malamin daji ya ci shi tara, to ba ya barin tsiro ya girma, tun yana ƙarami yake sare shi ya huta. Da aka fara koya wa mutane sassabe na zamani a ƙasar Maraɗi daga 1983, a bar kututture ya toho a gyara shi, kuma sannu a hankali manomi ya tabbata icen nasa ne, shi zai ci itacen da ganyen da 'ya'yan, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo. Masu bincike sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wannan alheri ne ga ƙasa baki ɗaya, kuma son amfanin kai ne ya ɗauke shi a kafaɗa.

To amma je ka kwarin Majiya, wajen Buza. Iskar da ke bi ta kwarin tana kwashe ƙasa, tana binne shuka tun tana jaririya. Maganinta layukan itatuwa ne masu tare iska, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE da ma'aikatan daji, yawanci dogon yaro. Waɗanda suka auna sun ga hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili yawa. Me ya sa tun da can wani manomi bai dasa da kansa ba, tunda abin na da amfani haka? Saboda layin da ya ci gefen gonarka, ya yi wa shukarka inuwa, gonar maƙwabcinka da ta maƙwabcin maƙwabcinka yake karewa. Ba ka iya zuwa da kaka ka ce su ba ka dami biyu kuɗin iskar da ka tare musu. Kowa sai ya jira wani ya dasa. Da an bar wa kasuwa, har yau ana jira.

Kai ma a kan irin wannan aikin kake zaune. Tuddan Keita da kake gani da ɗan kore a kansu, da gine-ginen duwatsu masu tare ruwa, daga aikin da aka fara a 1984 ne da kuɗin ƙasar Italiya, a zamanin yunwar da muke kira El Buhari. Mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka, don maza sun tafi bida, kuma da abinci aka riƙa biyan su. Watakila kakannin yaran ajinka na cikinsu. Ruwan da duwatsun suka tare ya nutse ƙasa, rijiyoyin masu lambu na ƙasa da su suka amfana. Babu mai lambun da ya taɓa neman tsohuwar da ta ɗauki dutsen ya ba ta kason albasa, kuma ba mugunta ce ta hana shi ba, bai ma san ta ba.

Allinka irin wannan ne, ɗana. Yarinyar da ka koya wa haɗa baƙi bana, nan da shekara goma sha biyar za ta karanta takardar magani ta ba ɗanta cokali ɗaya ba uku ba. Wa za ka kai wa takardar biya? Ita, ko mijin da ba ta aura ba tukuna, ko jaririn da ba a haifa ba? Ka tambayi yayanka wa ke rubuta masa lissafin buhuna, wa ke cika masa takardun duwan, wato kwastan, wa ke karanta masa saƙon kuɗi in ya shigo waya. Duk wanda ke yi masa, wani malami ne ya zauna da shi a ajin zana. Yayanka na cin gumin wannan malamin kullum, bai taɓa biyan shi ba, kuma ko yana so babu rumfar da ake biya a kasuwa. Haka ungozomar Yamai da ke tashi ƙarfe biyun dare. Amfaninku ya bazu kamar ruwan sama, ba ya shiga buhu.

Akwai abu na biyu, shi ya fi yi mini ciwo. Kasuwa aljihu take saurare, ba ciki ba. Duk wanda ya ga 2005 a ƙasar nan ya san haka. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta bi ta wasu wurare. Amma ni da idona na ga buhuna jibge a kasuwa a watan Yuli, mata na wucewa ta gabansu da yara a goye sun koma ƙashi da fata. Hatsi bai ɓace ba, ya fi ƙarfin talaka ne. Makiyayi ya kawo akuya ramammiya, abin da za a ba shi bai kai 'yan tiyoyi ba. Wani hatsin ya tsallaka Najeriya inda ya fi daraja, kamar yadda ruwa ke bin gangare. A shekarar, ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Farashi bai yi ƙarya ba, gaskiyar yayanka: ya faɗi daidai wa ke da kuɗi. Bai faɗi wa ke da yunwa ba. Kuma ba na mance waɗanda suka kulle sito suna jiran buhu ya ƙara hawa. Manzon da ya ƙi yanka farashi shi ne ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai zunubi. Masu jawo hadisin farko su bar na biyu ba su yi wa addini adalci ba.

Ka ɗauki sanƙarau. Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda yake zuwa da iskar bazara ya ɗauki yaro cikin kwana biyu. A 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a ƙasashenmu na Sahel, ya kashe kusan 25,000. Ilimin yin allurar da za ta daɗe tana karewa yana nan a duniya, amma manyan kamfanonin magani ba su ga riba a yi ta don mutanen da ba su iya saye ba. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar kiwon lafiya ta PATH suka tashi a 2001, da kuɗin gidauniyar Gates, suka nemo wani kamfanin Indiya, Serum Institute, ya yarda ya yi ta a ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura. A Disamba 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina, Mali da Nijar. Irin sanƙarau ɗin da aka yi ta dominsa ya kusa ɓacewa, ko da yake wani iri ya buge mu a 2015. Ka lura, kamfani ne ya yi allurar, kuma bai yi asara ba. Amma sai da wani ya zo daga wajen kasuwa ya tsaya a madadin talaka ya ce ga kuɗi, yi.

Haka da aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka zamanin Shugaba Tandja, aka kuma ce daga 2006 a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, aka raba gidajen sauro. Mutuwar ƙananan yara ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Ka tsaya ka lissafa iyaye nawa ne ba su haƙa ƙaramin kabari ba. Ba ciniki ne ya kawo wannan ba, shawara ce mutane suka yanke, suka sa kuɗin jama'a.

Wannan ya kawo ni kan albashinka. Ka cire wa ranka cewa kasuwa ce ta auna ka ta ga ba ka da nauyi. Kai ko kan sikelinta ba ka hau ba. Iyayen yaranka ba su da abin sayen karatu. Da sayarwa ake yi, da ƙauyenku bai ga lakwal ba har abada, kamar yadda makarantun kuɗi suka taru a Yamai inda masu albashi suke. Tsarin kwantiragi kansa an ɓullo da shi ne a ƙarshen shekarun 1990 don a sa yara da yawa a lakwal da kuɗi kaɗan. Yara sun shiga, wannan gaskiya ne, amma a bayan irinku aka ɗora kayan. Mutane ne suka zauna suka rubuta adadin da ake ba ka, mutane kuma na iya sake shi. Bashi ne a wuyanmu duka, mu da muke biyan haraji da waɗanda ke kasafta shi, kuma ina jin kunyarsa. Annabi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ba na son masu ce wa malami ya yi haƙuri ladansa na lahira, alhali su suna karɓar nasu a duniya. Ladan lahira na nan in Allah ya yarda, amma ba ya soke haƙƙin tuwon yaranka. In akwai ƙungiyar malamai a yankinku, shiga, ka je taro, ka yi magana. Neman haƙƙi ba rashin godiya ba ne.

Ka tambaye ni ko ka ajiye alli. Ba zan ce maka haramun ne ba. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma in ka kai inda ba ka iyawa, ka tafi ba tare da sunkuyar da kai ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar yara 74 a tsakiyar shekara. Kuma kafin ka kai can, gwada wata hanya. Albasa tana arha lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada in an shiga ƙarshen shekara. Ka zauna da yayanka ku yi magana ta manya: ɗan abin da ka iya tarawa, ko na adashi ne, ka sa a hannunsa ya juya, ku yanka yadda za a raba riba da yadda za a ɗauki asara, a gaban shaidu, a rubuce. Zumunci ya fi daɗewa in lissafi na fili. Ka sani albasar ajiya tana ruɓa, tana raguwa, don haka kada ka sa kuɗin hatsin gida. Da hutun damina kuma ka riƙe masa littafin lissafi ya biya ka kamar yadda zai biya bare. Wannan ba sadaka ba ce, aiki ne da ka iya shi bai iya ba.

Sannan akwai maganar da nake so ka kai masa daga bakina, da ladabi, don yayanka ne kuma mutumin kirki ne, wanda ya kai uwa Makka ba a raina shi. Ka tuna masa rijiyar Ruma. A Madina mai ita sayar da ruwan yake yi, Sayyidina Usmanu ɗan Affan, wanda shi ma babban ɗan kasuwa ne, ya sa dukiyarsa ya saye ta ya bar wa jama'a, gugansa kamar gugan kowa. Da kuɗin kasuwa ya saye ta, ya fitar da ita daga kasuwa, don ya san ƙishirwa ba ta jiran mai kuɗi.

Ka ce ajinka na zana ne. Tun da na karanta wannan layin hankalina bai kwanta ba. A Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan ashirin suka ƙone, yawancinsu ƙanana. A Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, waɗanda suka rasu sun fi na farko yawa. Ka tara kwamitin iyayen yara, ku ce za ku buga tubali da gayya bayan an gama girbi, ku ɗauki yashi da ruwa. Ka je wa yayanka da lissafi a takarda: kwano kaza, katako kaza, ƙofa da taga biyu, ladan magini. Ka kai shi ya tsaya cikin ajin da rana tsaka, yaran na zaune a ƙasa, ya gani da idonsa. Ina kyautata zaton ba zai fita hannu sake ba, kuma yana da abokai a tashar albasa da zai iya ja.

Ka rubuto mini bayan kaka in ji inda aka kwana, da ajin da kuma maganar jarin. Ka gaishe mini da Hajiya Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.